Tsibin Wuri da Gidan Gomomi: Tarihin Ƙidaya a Ƙasar Gaya

A littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer kuma ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, akwai bayani mai jan hankali game da zamanin Sarki Muhammadu Sharefa ɗan Dadi, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731. An ce a lokacinsa mutanen Gaya sun yi ƙarfi ƙwarai a fadar Kano, domin mahaifiyarsa Maryama 'yar Sarkin Gaya Farin Dutse ce. An ce ya ƙago haraji iri-iri, har da na kasuwar Kurmi da na aure, waɗanda marubucin bai ɓoye ƙyamarsa gare su ba. Sannan a gurguje, kamar wani abin da bai dami kowa ba, aka ce a zamaninsa ne wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa.

Masana tarihi sun yi saɓani a kan wannan magana ta ƙarshe: shin a lokacin wurin ya fara zuwa, ko kuwa a lokacin ya yawaita har ya zama abin ciniki da biyan haraji? Ko wanne ne, daga nan har kusan shekara 200 Bagaye mai fatauci da manomi mai biyan kuɗin ƙasa da wuri suke lissafi. Ita kanta kalmar "kuɗi" jam'in "wuri" ce. Wannan tsohon zance yana da alaƙa da wani abu da ke faruwa kullum a azuzuwan firamare na Gaya da Ajingi. Malami zai rubuta 98 da 102 a allo, ya tambayi 'yan aji biyu wanne ya fi yawa, sai wasu su nuna 98, domin 9 da 8 sun fi 1 da 0 da 2 girma a idonsu. Yaran nan ba dolaye ba ne. Da yawansu suna kai talla kasuwa, suna ba da canji ba tare da an cuce su ba. Abin da ya gagare su shi ne wata dabara guda wadda ba ta cikin ƙidayar da suka gada, wato cewa darajar lamba tana rataye ne da gurbin da ta zauna.

A ƙidayar wuri, daraja a fili take, ido yana ganinta, hannu yana taɓa ta. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya kwatanta yadda ake yi bayan ya sauka Tasawa a farkon 1851, kafin ya ƙaraso Kano. A bakin teku ana shirya wuri a zare, amma a ƙasar Hausa a warwatse yake, sai an ƙirga shi. Mai ƙidaya yakan ja biyar-biyar da yatsunsa. Biyar huɗu hauya ce, wato ashirin. Hauya goma tsibi ne na 200, tsibi biyar kuma dubu. Masu mulki sukan ɗaure 20,000 a buhun saƙa guda, abin da Hausawa ke kira keso, amma ba ɗan kasuwar da zai karɓi buhun bai zazzage ya ƙirga ba. Barth ya ga an ƙirga wuri 500,000 a zama ɗaya, sai da mutum biyar ko shida suka sa hannu, ya kuma kira aikin da jarumtaka.

Abin lura a nan shi ne matakalar: biyar, ashirin, ɗari biyu, dubu, dubu ashirin. Ba goma-goma take hawa ba. Ninkin farko huɗu ne, na biyu goma, na uku biyar, na huɗu ashirin. Tsari ne da ya dace da yatsun hannu da faɗin tabarma da ƙarfin wuyan ɗan dako, domin keso guda kusan kayan mutum ɗaya ne. Idan aka so gwada dukiya biyu a irin wannan tsari, ba a bukatar wata ƙa'ida ta makaranta. A duba wa ya fi yawan keso. In sun yi daidai, a duba manyan tsibi. In sun yi daidai, a gangaro kan ƙanana. Mai keso uku ya fi mai keso biyu komai yawan wurin da ke zube a gabansa, muddin bai cika buhu ba. Wannan ita ce dai dabarar da malamin firamare yake fama ya koyar yau in ya ce a fara gwadawa daga babban gida. Kakannin yaran sun san ta. Bambancin kawai shi ne su buhu suke gani, shi kuwa yaro 1 yake gani, siririya, a gefen hagu.

Kowane babban adadi kuma yana da sunansa na kansa, yawanci aro daga Larabcin fatake da malamai: metan 200, arbaminya 400, hamsaminya 500, alif 1,000, alfyan 2,000, arba 4,000, hamsa 5,000. Ga kuma zambar, wadda ake ninka dubbai da ita, zambar goma 10,000, zambar dubu miliyan ɗaya. Goro ma da ƙwarya ake ƙirga shi, ƙwarya guda goro ɗari. Wanda ya ji "hamsa" ya san ta fi "arba" ne don ya san sunayen, kamar yadda ya san raƙumi ya fi jaki. Ba ya bukatar ya duba inda wani abu ya zauna.

Gaya tana gabashin Kano, ta fuskar Barno, kuma mai fatauci ta wannan nahiya dole ya riƙe ƙidaya biyu a kansa. Barno ba ta karɓi wuri a matsayin kuɗi ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 19, a zamanin Shehu Umar. Da ta karɓa ma, sai ta ɗora shi a kan tsohon ma'auninta na gabaga, wato ƙyallen saƙi: wuri 8 gabaga ɗaya, gabaga 4 ratal ɗaya, ratal ke nan wuri 32. Duk wanda ya iya juya hauya zuwa ratal a ka, yana tsaye a kasuwa, ba za a ce masa bai iya lissafi ba.

Tsarin ya fara gajiya ne da wurin ya yi yawa. Asalin wurin daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya yake zuwa. Daga wajen 1845 'yan kasuwar Jamus suka fara jigilar wani nau'i mai araha daga gaɓar Zanzibar zuwa Afirka ta Yamma, darajarsa ta yi ta zubewa. A zamanin Barth dalar azurfa guda tana daidai da wuri 2,500 a Kano. Kafin ƙarshen ƙarnin ta kai wajen 5,000. Baturen nan C. H. Robinson, wanda ya zauna Kano tsakanin 1894 da 1895, ya ba da labarin dokin da suka kasa sayarwa a hanya, domin kuɗinsa na wuri sai an ɗauki ƙarin 'yan dako goma sha biyar, ladansu kuma zai cinye kuɗin har ya nemi ƙari.

Su malamai nasu lissafin daban ne, kuma a rubuce yake. Alƙali mai rabon gado yana aiki da rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi, yana neman adadin da zai rabu ga kowane magaji ba tare da saura ba. Katsina ta fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rubuta littafi a kan hatimai, wato murabba'an lambobi da kowane layinsu ke ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Masu wannan ilimi sun san lambobin Hindu da ake rubutawa a hatimi. Amma hanyar da ta fi yaɗuwa wajen rubuta shekara, musamman a ƙarshen waƙoƙin ajami, ita ce ramzi, inda kowane harafi ke ɗauke da adadinsa. A lissafin Magariba da ake bi a nan, shinun 1,000 ne, ra 200, ya 10, ha ƙarami 8. A haɗa su, an sami 1218, shekarar hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Ɗagel zuwa Gudu, wadda ta yi daidai da 1804. To, a juya haruffan nan huɗu yadda aka ga dama, a sa na ƙarshe a farko, jimlar tana nan 1218. Shi ya sa mawaƙi ke iya sarrafa su har su ba da kalma mai ma'ana. Amma a juya lambobin 1218, sai a sami 8121 ko 1128. Duk rikicin ɗan aji biyu yana cikin wannan bambanci: a ramzi darajar tana jikin harafi, a lambobin makaranta tana gurbi.

Dabarar gurbi doguwar tafiya ta yi kafin ta iso. A Indiya ta nuna, inda Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin aiki da sifiri a 628. Al-Khawarizmi ya bayyana ta da Larabci a Bagadaza wajen 825. Leonardo na Pisa ya koye ta a Bijaya, a gaɓar Aljeriya ta yau, ya kai wa Turawa a littafinsa na 1202, amma duk da haka a 1299 ƙungiyar 'yan canji ta birnin Fulorans ta hana mambobinta rubuta littafin ciniki da sababbin lambobin. Turai ta yi ɗaruruwan shekaru tana jan ƙafa a kan abin da manhaja ke so ɗan shekara bakwai ya gane a zango ɗaya. Kalmar "sifiri" ta Hausa da ta Turanci duk daga tushen Larabci ɗaya suka fito.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai rubutacciyar lamba ta zama harkar hukuma. A 1909 Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa, inda ake koyar da karatun boko da lissafi da Hausa. A wajen wannan lokaci aka kafa baitulmali, aka kuma fara aikin taki, malamai suna auna gonaki da ƙafa suna rubuta harajin kowa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke a 1912, manomin gundumar Gaya ya wayi gari ana auna amfaninsa a sikeli, ana rubuta nauyi da farashi a takardar da ba ya iya karantawa. Daga nan sanin cewa 120 ya fi 102 ya zama abin da ke iya raba mutum da guminsa.

Abin mamaki shi ne kuɗin da Turawan suka kawo ya fi na wuri karkacewa. Anini goma kwabo, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam. A tsakani ga ɗari, wato rabin kwabo, wadda ake danganta sunanta da wuri ɗari. Ga taro kwabo uku, ga sisi kwabo shida, ga nai kwabo tara, ga fataka sule biyu, ga jaka fam ɗari. Ɗan makarantar elementare na wancan zamani yana koyon cewa goma ake ɗauka a kai gida na gaba, sai a juya shafi a ce masa a lissafin kuɗi sha biyu ake ɗauka, a gida na gaba kuma ashirin. Sai ranar 1 ga Janairu 1973, da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, kuɗin aljihu ya fara tafiya daidai da lambar allo. Tsofaffin sunaye kuwa ba su mutu nan take ba: fam ya zama naira biyu, sule kwabo goma, jaka naira 200. A Maraɗi har gobe da dala ake ciniki, dala ɗaya sefa biyar, saboda haka abin da aka rubuta 100 a jikinsa "dala ashirin" ake ce masa. Bayan shekara uku da zuwan naira, a 1976, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa ya kwararo da 'ya'yan talakawa cikin aji. Idan aka auna da kyau, ke nan, yawancin gidajen karkarar Gaya da Ajingi ba su fi ƙarni biyu ko uku na iyaye da 'ya'ya ba da fara hulɗa da lambar gurbi.

Saura harshe, kuma a nan ne zancen ya fi daɗi, domin Hausa tana ba yaro da hannun dama, tana karɓewa da na hagu. Daga goma sha ɗaya zuwa goma sha tara ginin a bayyane yake: goma, sannan abin da ya hau kanta. Yaron Ingila ba shi da wannan gata, domin sunayen 11 da 12 a harshensa ba su nuna goma ko kaɗan, sunayen 13 da 30 kuma kusan sautinsu ɗaya. Amma daga ashirin sai Hausa ta rufe ƙofa. Ashirin, talatin, arba'in, har zuwa casa'in, duk aron Larabci ne, ba abin da ke gaya wa yaro cewa cikin hamsin akwai goma biyar. Tsohuwar Hausa tana da "gomiya biyu", "gomiya uku", waɗanda tsofaffin littattafan nahawu suka adana, amma kasuwa da makarantar zaure suka ture su. Asara ce ta gaske ga mai koyarwa, domin "gomiya huɗu da bakwai" tana faɗin 47 daidai yadda aka rubuta ta.

A ɗaruruwa kuma wata matsalar ce. Bahaushe yana faɗin "ɗari" kafin ya faɗi nawa ne: ɗari uku. Yaron da ke rubuta abin da kunnensa ya ji zai sa 100, ya bi shi da 3, ya sami 1003. Tsakanin "ɗari uku" da "ɗari da uku" gaɓa ɗaya ce tak, amma bambancinsu 197 ne. Manya ma ba su tsira ba: "dubu ɗari da hamsin" na iya zama 150,000, na iya zama 100,050, shi ya sa mai taka-tsantsan yakan ce "dubu ɗari da dubu hamsin", musamman in yana tsaye gaban mai POS. Ga kuma ƙidayar ragi, "ashirin ba ɗaya", "talatin ba biyu", inda kunne ke jin ashirin alhali hannu zai rubuta 19. Yaron da ya fara da allo yana da ƙarin aiki: idonsa ya saba farawa daga dama, gwada lambobi kuwa daga hagu ake farawa, sannan a darasi na gaba a ce masa tarawa daga dama take.

Ba Hausa kaɗai ke da wannan lamari ba. Binciken Irene Miura da abokan aikinta a ƙarshen shekarun 1980 da farkon shekarun 1990 ya nuna cewa 'yan aji ɗaya a Japan da Koriya da Sin, waɗanda harsunansu ke cewa "goma biyu da uku" a madadin 23, sun fi takwarorinsu na Amurka da Faransa saurin gina lamba da gomomi da ɗaiɗai. A yankin Wales na Birtaniya har sabon tsarin sunayen lambobi aka shigar makarantu, mai tafiya goma-goma, a gefen tsohon da ke tafiya ashirin-ashirin. Nazarin da aka yi a can ya nuna ribar ta fi fitowa wajen karanta lambobi masu gida biyu da gwada su, ba a dukkan lissafi ba. Saboda haka kada a ɗora wa harshe laifin da ba nasa ba. Aji mai cunkoso da rashin kayan aiki sun fi "ashirin" ɓarna nesa ba kusa ba. Sai dai gyaran harshe ba ya cin ko kwabo: malami na iya cewa "arba'in da bakwai, wato gomomi huɗu da ɗaiɗai bakwai" duk lokacin da ya rubuta 47, har kunnen yaro ya saba.

A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsa, amma a aikace lissafi ya daɗe yana zama haddar Turanci, yara suna rera sunayen gidajen lamba ba tare da sun taɓa riƙe goma a hannu ba. A 2019 hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jihar Kano, tare da British Council da TaRL Africa, ta fara gwajin wani shiri mai suna KaLMA a Dawakin Tofa da Wudil, maƙwabciyar Gaya. An ɗauko tsarin ne daga ƙungiyar Pratham ta Indiya: a raba yara gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon ajinsu ba, a yi musu bayani da harshen da suke ji, a koyar da lamba da tsinke da ɗauri. Tsinke goma a ɗaure su, sun zama ɗauri ɗaya. Yaro ya ajiye ɗauri huɗu da tsinke bakwai, ɗan'uwansa ya ajiye ɗauri bakwai da tsinke huɗu, ba sai an gaya musu wa ya fi ba. Cewa 'yan aji huɗu zuwa shida aka yi wa shirin ya isa ya nuna inda ramin yake.

Dabarar ta zagayo ta Indiya, amma ba baƙuwa ba ce a ƙasar da manomi ke ƙirga damman dawa goma ya ware ɗaya na zakka. Kuɗi ne ma suka daina taimakawa. Kwabo ya ɓace, naira ɗaya ta ƙarfe ta bi shi, takardar biyar da ta goma sun zama sai an tona. Yaron da ke talla a yau ya san hamsin da ɗari da ɗari biyar da dubu kamar sunayen 'yan gidansu, amma gidan ɗaiɗai babu shi a cinikinsa. Ya koma inda kakansa yake da arba da hamsa: suna da launin takarda ke gaya masa daraja.

Inda ɗauri da tsibi duka suke tsayawa shi ne kan sifiri. Mai ƙidayar wuri bai taɓa ware wa babu wuri a tabarma ba. In ba tsibi, ba tsibi ke nan. Baki ma tsallake shi yake yi, "ɗari da biyu", ba a ambaci gomomi ba sam. Shi ya sa 102 ke fitowa 12 a littafin wani yaro, 1002 a na wani. Malaman da suka gane wannan sukan zana gida uku a ƙasa, su sa babban ɗauri na ɗari a na hagu, tsinke biyu a na dama, su bar na tsakiya wayam, sannan su sa yaro ya rubuta abin da ke cikin kowane gida, har da wanda ba kowa. Daga nan sai a kawo 98, ɗauri tara da tsinke takwas, a ba shi ƙarin tsinke biyu, a bar shi ya ɗaure na goman da hannunsa.